Rogo saiwa ne, doya kuwa ba saiwa ba ce: me ya raba su?

Tambayar ta fito daga wani malamin kimiyya a makarantar sakandare, wanda yake taɓa noma da damina. Ya ce ɗalibansa sun ƙure shi: littafi ya ce rogo da dankalin Hausa saiwa ne, amma doya da dankalin Turawa ba saiwa ba ne, alhali duka tono su ake yi. Wata yarinya kuma ta ce, in aikin saiwa shan ruwa ne a ƙasa, me saiwar masara take yi a sama, me kuma ceɗiya take nema da take sako tata daga reshe? Yana son bayanin da zai iya shiga aji da shi.

Malam, kada ka ji haushin yaran nan, sun taɓo inda darasin yake. Tun muna ƙanana muka saba ɗauka cewa duk abin da aka tono saiwa ne, duk abin da ke sama kuma kara ne ko reshe. Masana tsirrai ba ruwansu da inda abu yake zaune, ƙirarsa suke dubawa. Kara yana da gaɓa, a kowace gaɓa kuma akwai ido, inda ganye ko reshe ke fitowa. Ka tuna da rake, ka ga misali ƙarara. Saiwa ba ta da gaɓa, ba ta da ido, ba ta fid da ganye. Abin da take da shi shi ne wata 'yar hula a tsininta, mai kare wurin da take tsirowa lokacin da take kutsa ƙasa, sai wani lallausan gashi a bayan hular kaɗan.

To ɗauki dankalin Turawa ka juya shi a hannunka. 'Yan ramukan nan da ake ƙwaƙulewa wajen fere idanu ne, kuma in ya daɗe a ajiye ta nan yake tsirowa. Kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa. Citta ma haka, zoben da ke zagaye da jikinta gaɓoɓi ne. Gwaza da aya duk 'yan ɗakin kara ne. Albasa gindin ganyaye ne da suka yi ƙiba suka lulluɓe juna. Karanta shi ne ɗan faifan nan mai tauri na ƙasa, saiwarta ta gaskiya kuwa ita ce gemun da ake yankewa a zubar. Doya daga gindin kara take tasowa, shi ya sa in ka yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace da ɓawonta, ka binne, sai ta tsiro. Yanzu binne rogo ka gani. Zai kwanta nan har ya ruɓe, bai fid da ko ganye ɗaya ba. Dalilin ke nan da ba wanda ke shuka rogo da rogo, itacensa ake sarewa a dasa.

Sai dai ka zauna da shiri, don yaro mai wayo zai kawo maka dankalin Hausa da ya tsiro a ɗaki ya ce, to wannan fa? Saiwa ne, ba tantama. Ba shi da idanu a jere irin na Turawa, amma yana cikin saiwoyin da ke iya ƙirƙiro sabon tsiro daga jikinsu. Darbejiya ma tana yin haka, shi ya sa kake ganin 'yan ƙanana suna ɓullowa a kan hanyar saiwar uwar. In kuma aka jefo maka gyaɗa, ita 'ya'ya ce: furenta a sama yake yi, daga baya ya sako wani ɗan tsinke ya soki ƙasa, kwanson ya ƙulla a can.

Aikin saiwa na asali biyu ne, riƙe shuka da shayar da ita. Shan kuma ba da kaurin saiwa ake yi ba, da gashin nan ne, wanda kowane ɗayansa ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta miƙe, ta yi 'yan kwanaki ko makonni ta mutu, wata ta maye gurbinta a gaba. Duk mai dashen tumatir ko tattasai ya san yadda suke langaɓewa a ranar farko. Gashin ne ya tsinke wajen cira, shi ya sa ake dashe da yamma kuma da ƙasar gindinsa. A 1937 wani masani Ba'amurke, Howard Dittmer, ya rena tushe ɗaya na wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai a cikin akwati har wata huɗu, sannan ya wanke ƙasar ya zauna lissafi. Ya samu saiwoyi manya da ƙanana fiye da miliyan 13, waɗanda in aka jona su za su wuce kilomita 600, wato tafiyar Kano zuwa Maiduguri, ba a ma sa gashin a lissafi ba.

Daga nan ne hanya ta rarrabu. Shuka ba ta iya tashi ta bar wurin da ta samu kanta, don haka abin da ya fi damun kakanninta a wurin shi ne ya sassaƙa mata saiwa. Wata yunwar rani ce matsalarta, wata ƙishirwa, wata iska, wata rashin numfashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Rogo rumbu ya gina. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, 'yan Fotigal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, yau kuma ba ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi a duniya. In ka tone gindinsa a hankali za ka ga ba duka saiwoyin ne suka kumbura ba. 'Yan kaɗan ne suka zama rumbu, sauran suna nan sirara suna aikin shan ruwa. Sitacin da ya tara ba don mu ya tara ba, guzurinsa ne: in rani ya tsananta sai ya zubar da ganye ya zauna yana ci daga ajiyarsa, ruwa na sauka ya sake toho. Rumbu kuwa sai da mai gadi, mai gadin rogo guba ce. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke zaune lafiya muddin ba a raunata saiwar ba, amma da zarar ɓera ko mutum ya tauna, sai ya haɗu da wani ya saki gubar sayanaid. Mai ɗaci ya fi ta da yawa, ɓawo ya fi tsoka, kuma fari yana ƙara ta. Duk wahalar nan ta fere da gurza da jiƙo da matsa da suya kafin a samu garin kwaki, korar mai gadin nan ake yi. Wani abin lura shi ne, a cikin ƙasa rogo yakan yi watanni yana jiranka, sai dai in ya wuce kima ya yi itace, amma ka cire shi ka ajiye kwana biyu zuwa uku, sai baƙin zane ya bayyana a cikinsa. Saiwa ce mai rai da aka raba da uwarta, ba a yi ta don zama a sarari ba kamar doya, wadda ke yin watanni a rataye.

Karas shi uwar saiwar ce da kanta ta zama rumbu. Shuka ce ta shekara biyu, ta farko tari, ta biyu fure, mu kuma muna tarar ta a tsakiya mu kwashe. In ka bar shi ya fid da kan fure, ka ciro ka gani, ya zama itace ba zaƙi. Ɗan zogale da 'yar kuka ma suna da irin wannan kumburarriyar uwar saiwa, da ita suke tsallake raninsu na farko.

Batun ƙishirwa kuwa, ba misalin da ya kai Bishiyar Tenere a Nijar. Ƙaya ce, dangin bagaruwa, ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, ba wata bishiya kusa da ita sai an yi tafiya mai nisan gaske. Da aka gina rijiya a gefenta tsakanin 1938 da 1939, sai aka tarar saiwarta ta nutsa har ta cim ma ruwa a zurfin mita 33 zuwa 36, alhali ita kanta a sama 'yan mitoci ce. Abin da hamada ta kasa, mota ta yi: a 1973 wata babbar mota ta banke ta, yanzu gawarta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. A hamadar Kalahari ma masu haƙar rijiya sun ci karo da saiwar wata bishiya a zurfin mita 68.

Ba sai ka je Tenere ba, gawo yana gonarka. Uwar saiwarsa tana bin ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya ba shi damar yin abin da sauran itatuwa ba sa yi, ya yi ganye shar da rani, ya kakkaɓe da damina. Ba ya tare wa gero rana, ba ya kuma rububin ruwan sama da shi sosai, ga ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa. Kowane manomi ya san geron gindin gawo daban yake. Kuka ta bi ta wata hanya: babbar kuka saiwarta ba ta da zurfin kirki, amma tana bazuwa nesa ƙwarai, ta wawuri ruwan sama da zarar ya sauka ta kai shi cikin gangar jikinta ta ajiye.

Wadda aka fi rainawa ita ce sabara, kuma a ganina an zalunce ta. Masu bincike a Senegal sun ba zurfafan saiwoyinta ruwan da aka yi wa alama, bayan ɗan lokaci suka samu alamar a jikin geron da ke kusa da ita. Abin da ke faruwa shi ne, da dare ganye yakan rufe ƙofofinsa, ruwan da saiwar ta jawo daga ƙasa mai laima sai ya rasa inda za shi, sai ya riƙa tsatsa ta saiwoyin sama zuwa cikin busasshiyar ƙasa, maƙwabci ya samu rabonsa. Saboda haka ni ban ga hikimar tumɓuke sabara da kalgo daga gona ba. A sare su lokacin sharar gona, a bar ganyen a ƙasa, a bar kututturen. Mutanen Maraɗi sun riga mu gane wannan. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin dashen itatuwa a can, Tony Rinaudo, bayan dashensa ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan ƙananan tsiron da ake sharewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai. In aka zaɓi reshe ɗaya zuwa uku aka bari, aka datse sauran, sai itacen ya tashi da saurin da dashe ba ya yi, don shi ya riga ya isa ruwa tun shekaru. Abin da ake kira sassabin zamani ke nan, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Mu zo kan tambayar yarinyar. Masara doguwa ce, kanta da nauyi, ga ta da saiwa mai geza ba mai uwa ba. Don haka in ta tasa, sai gaɓoɓinta na ƙasa su fid da saiwoyi masu kauri a zagaye, su gangara su kama ƙasa kamar igiyoyin da ake ɗaure rumfa da su. Da sun shiga ƙasa kuma sai su rarrabu su kama shan ruwa da taki. Dawa ma tana yi. Amfanin huɗa ke nan, ka kawo musu ƙasa mai laima kusa. In suka sauko suka tarar da busasshiyar ƙasa mai zafi, tsininsu yakan ƙone, iskar hadari ta farko ta kwantar maka da gona.

Rimi adon gari, shi kuma katanga ya yi wa kansa. Itacen kurmi ne a asali, inda abincin ƙasa yake a sama-sama, saiwa ba ta da dalilin nutsawa, ga shi kuma da tsawo. Sai saiwoyin gefe suka tashi fale-fale kamar allo suka jingina da gindin, wanda ke ɓangaren iska yana ja, wanda ke ɗaya ɓangaren yana tokarewa. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin tsofaffin rimayen Zariya ya san mutum yana iya ɓuya a tsakaninsu.

Ceɗiya da gamji da danginsu labarinsu ya fi daɗi. Sau da yawa ba a ƙasa suke fara rayuwa ba. Tsuntsu ko jemage ya ci 'ya'yan, ya yi kashi a tsakanin rassan wata bishiya ko a gindin ganyen giginya, irin ya tsiro a can sama inda rana take. Daga nan ya riƙa sako saiwa siririya kamar igiya, tana shan raɓa da ruwan da ke bin jikin bishiyar, har ta taɓa ƙasa. Ranar da ta taɓa ƙasa mai masauki ya shiga uku. Saiwoyin su yi kauri, su manne da juna, su naɗe shi, ganyen ya rufe masa rana, har ya mutu a ciki. Ka lura, ba tsotsar sa suke yi ba, shaƙe shi suke yi su kuma ƙwace masa rana da ruwa. Wata 'yar'uwarsu a lambun tsirrai na Kolkata a Indiya an cire mata gangar jikinta ta asali a 1925 saboda ruɓa, amma har yau tana tsaye a kan dubban saiwoyin da suka sauko daga rassanta suka zama ginshiƙai, in ka hango ta sai ka ce kurmi ne. A jihar Meghalaya ta Indiya kuma mutanen Khasi suna jan irin waɗannan saiwoyi su tsallakar da su rafi, su saƙa, bayan shekaru su zama gadar da ake bi. Shawara a fakaice: kada ka dasa dangin nan kusa da katanga ko rijiya ko shadda.

Abin da ɗalibai suka fi mamaki shi ne in ka ce musu saiwa tana numfashi. Tana yi, kuma iskar oksijin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙa. In ruwa ya kwanta a gona ya kori iskar, masara takan yi rawaya cikin 'yan kwanaki, har ta yanƙwane tana tsaye cikin ruwa, don saiwar da ta shaƙe ba ta iya sha. Masu furen tukunya da yawa da yawan ban ruwa suke kashe shi. Shinkafa ta tsira ne don jikinta yana da hanyoyin iska kamar soso, tun daga ganye har tsinin saiwa, tana shaƙa a sama ta aika ƙasa.

Gwanayen wannan fanni suna Neja Delta, inda dajin mangurof mafi girma a Afirka yake. Itatuwa ne da ke zaune cikin taɓon gaɓar teku, taɓon da ba iska a cikinsa, ba ƙarfin riƙe itace, ga gishiri. Wani iri yana tsaye a kan saiwoyi masu lanƙwasa kamar ƙafafun gizo-gizo, suna riƙe shi suna kuma shaƙar iska ta 'yan ƙofofin da ke jikinsu, sannan suna tace fiye da kashi 90 cikin 100 na gishirin kafin ruwan ya shiga. Wani irin kuma saiwarsa a kwance take cikin taɓo, amma tana turo 'yan tsinaye sama, dubbai a kewayen bishiya ɗaya, kamar an kakkafa fensira. In teku ta janye su shaƙa, in ta dawo su jira. Daga nan za ka gane dalilin da malalar ɗanyen mai ke kashe dajin nan da sauri: man yana toshe ƙofofin numfashin ne. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna irin ɓarnar da aka yi wa itatuwan.

Akwai masu hawa, kamar masoro, da ke fid da gajerun saiwoyi a gaɓa su liƙe wa itace. Akwai furannin okid na kurmi da ke zaune a kan reshe, saiwarsu a sarari da farar fata mai tsotse ruwan sama. Akwai kainuwa dashen Allah, wadda tata ke reto cikin ruwa kamar gashin tsuntsu, tana tace abinci tana kuma hana ta kifewa. Waɗannan ka ambata su ka wuce. Inda nake so ka zauna da ɗalibanka, tunda yawancinsu 'ya'yan manoma ne, shi ne saiwar da ke ƙulla ciniki da saiwar da ke sata, don labarinsu a haɗe yake.

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abin da muke saye da tsada a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Wasu bakteriya na ƙasa da ake kira raizobiyam suna iyawa. Saiwar wake takan saki wani sinadari a matsayin sallama, bakteriyar ta amsa da nata, sai gashin saiwar ya lanƙwashe ya rungume ta, ta bi ta cikinsa ta shiga, saiwar ta gina mata ɗaki. Ɗakunan su ne 'yan ƙulle-ƙullen da kake gani a saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Shuka tana biya da sukari, baƙuwa tana biya da taki. Akwai wani ƙulli a cinikin: injin da bakteriyar ke aikin da shi oksijin yana lalata shi, ita kuma ba ta rayuwa sai da oksijin. Sai shukar ta ƙera wani jan sinadari, ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, yana kai mata iskar da awo. Shi ya sa in ka fasa ƙullin da farce ka ga cikinsa ja-ja, yana aiki. In fari ne ko kore, zaman banza yake. Wani masani ɗan Holan, Beijerinck, shi ya fara ware bakteriyar a 1888, amma kakanninmu sun daɗe suna zuba wake a tsakanin gero da dawa kafin nan.

A nan akwai gyara biyu da nake yawan yi wa mutane. Na farko, takin da wake ya tara yawancinsa ba geron da ke gefensa a wannan damina yake samu ba, shukar baɗi ce ke ci, daga saiwa da ganyen da suka ruɓe. In an kwashe harawa tas an kai kasuwa, kaɗan ya rage wa ƙasa, sai in takin dabbobin ya dawo. Na biyu, wanda ya antaya wa wake yuriya ya kashe cinikin, don shukar da ta samu a sauƙaƙe ba za ta ciyar da baƙi ba, sai ta yi ta ganye. Takin supa take so. Waken suya kuma, a ƙasar da ba a saba noma shi ba, yakan amfana da garin bakteriyar da ake cuɗa iri da shi, irin Nodumax na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Kada kuma a rikita ƙullin nan da kumburin da ke fitowa a saiwar tumatir da kuɓewa. Wancan cuta ce, aikin wata tsutsa da ido ba ya gani. Ƙullin wake a gefe yake liƙe, kana murzawa ya fita. Na cuta saiwar ce da kanta ta kumbura. Ka ƙara wa yarinyar nan da cewa a tsaunukan Wahaka na Meziko akwai wata doguwar masarar gargajiya da saiwoyinta na sama ba sa ma isa ƙasa, yauƙi suke zubarwa kamar kuɓewa, bakteriya na zaune a ciki. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna tana samun kashi 29 zuwa 82 cikin 100 na naitirojin ɗinta ta nan.

Ciniki na biyu ya fi wannan yaɗuwa, don wajen kashi 80 cikin 100 na tsirran doron ƙasa suna yin sa, har da gero da dawa da masara. Da wani irin funfuna ake yi, mai zare siriri fiye da gashin saiwa, wanda ke shiga cikin saiwar ya kuma bazu cikin ƙasa yana kwaso mata fosfaras, sinadarin da ba ya tafiya da ruwa sai an je inda yake. In dawa ta ji yunwar fosfaras, sai saiwarta ta saki wani sinadari tana kiran funfunan. Gwargwadon yunwar, gwargwadon ƙarfin kiran.

To akwai mai laɓe yana saurare, shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura yake, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10. Guzurin da ke cikin ƙwayar bai kai ya fito da ita sarari ba, don haka ba ta tsirowa don ruwa ya sauka kawai, sai ta ji ƙamshin kiran nan, wanda ke shaida mata akwai saiwa dab da ita. Sai ta fid da 'yar saiwa, tsinin ya kumbura ya zama matsotsi, ya huda saiwar dawar ya jona da hanyoyin ruwanta. Daga nan ya yi makonni a ƙarƙashin ƙasa yana sha ba wanda ya gan shi. Ko da ya fito, yakan bar ƙofofin ganyensa a buɗe don ya fi mai gida jan ruwa. Lokacin da ka ga furen nan mai kyau ya cika gona, an riga an gama da kai. An fara gano sinadarin kiran nan a 1966 daga saiwar auduga, sai a 2005 masana a Japan suka nuna cewa ainihin aikinsa kiran funfuna ne. Manoma sun daɗe suna cewa ƙuduji alamar ƙasa ta gaji ne, kuma gaskiyarsu: gonar da ta ƙoshi da taki kiranta a hankali yake, ɓarawo bai cika ji ba.

Maganin ma daga nan yake fitowa. Auduga da waken suya da gyaɗa suna sakin irin wannan kira, ƙwayar ta tsiro, ta nemi inda za ta kama ta rasa, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Juya shuka da su yana rage ajiyar da ke ƙasa, a hankali dai, ba a damina ɗaya ba. Sai taki, na gida da na zamani, sai irin masara da dawa masu juriya da cibiyar binciken noma ta Samaru da IITA suka fitar, sai cire shi kafin ya yi 'ya'ya a ƙone, ba a jibge a gefen gona ko a ba dabbobi ba. A sani kuma wake yana da nasa ƙudujin daban, wanda bai damu da dawa ba.

Kauci ɗan'uwansa ne a sana'a, sai dai shi a sama yake aiki. Tsuntsu ya ci 'ya'yan, irin mai danƙo ya manne a reshen kaɗanya ko ɗorawa ko lemo, ya soka matsotsinsa cikin itacen. Ganyensa kore ne, yana dafa abincinsa, ruwa da gishirin ƙasa yake sata. Fizge shi da hannu aikin banza ne, don abin da ke ciki zai sake toho. Reshen ake sarewa, can ƙasa da inda ya kumbura.

In za ka kai wannan aji, Malam, ka bar allo ka sa su kawo kayan da kansu: rogo da doya da dankali iri biyu da citta, tushen masara da ta yi wata biyu, kainuwa a cikin roba, reshe mai kauci, da tushen dawa mai ƙuduji. Ka binne gunduwar rogo da ta doya a tukunya biyu, su riƙa ban ruwa suna leƙawa. Wake kuwa ka jira sai ya fara fure, lokacin ƙullin ya fi ja. A tono shi da fartanya tare da ƙasarsa, kada a fizge, don ƙullin zai zube a rami, sannan a jiƙa shi cikin bokiti a girgiza a hankali. Tushen dawar ma haka za a wanke shi, a bi ƙudujin da yatsa har inda ya liƙe.